Daga Durowar Kati Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Nemo Littafi A Laburaren Zamani

Duk shekara ɗalibai daga Kafin Maiyaki da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna kama hanyar Kwanar Ɗangora, wasu su nufi Kano, wasu su yi Zariya, domin fara karatun jami'a. Da yawansu sun shirya wa lacca da jarrabawa, amma akwai abin da ba kasafai ake shirya masa ba: ranar da malami zai rubuta sunan littafi a allo, ya ce a je laburare a nemo shi.

A makarantar sakandare wannan ba wani aiki ba ne. Littattafan ba su da yawa, malamin da ke riƙe da makulli ya san inda kowanne yake. Amma a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, ko na Jami'ar Bayero, littattafai dubbai ne a kan kantoci. Wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya, sai dai ya wuni ya fito hannu rabbana. Maganin wannan wahala shi ne katalogi, wato jerin bayanan duk littattafan da laburare ya mallaka tare da inda aka ajiye kowanne.

Zamanin kati

A da, katalogi wata babbar ma'ajiya ce ta katako mai ƙananan durowoyi. A cikin kowace durowa an jera katuna masu tsawon inci 5 da faɗin inci 3, bisa tsarin a, ba, ca, da. Littafi ɗaya yakan samu kati uku ko fiye: ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da fannin da ya yi magana a kai.

Tsarin ya yi aiki shekara da shekaru, sai dai yana da cikas. Idan aka zare kati ko aka saka shi inda bai dace ba, littafin ya ɓata ke nan ko da yana zaune a kan kanta. Kati ba ya faɗa maka ko wani ya riga ka aro. Kuma dole sai ka taka da ƙafarka ka je gaban durowar.

Yadda kwamfuta ta shigo

Canjin ya faro ne daga Amurka. A shekarun 1960, wata ƙwararriya mai suna Henriette Avram ta jagoranci wani aiki a laburaren majalisar dokokin ƙasar, inda aka fitar da tsarin da ake kira MARC. Tsarin ya ware wa kowane bayani gurbinsa: nan sunan marubuci, nan sunan littafi, nan shekarar bugu, ta yadda kwamfuta za ta iya karantawa. A 1971 wasu laburarori a jihar Ohayo suka fara haɗa bayanansu wuri guda ta kwamfuta. Wannan haɗaka ce ta girma ta zama WorldCat, katalogin da ya fi kowanne girma a duniya. Ƙungiyar OCLC da ke kula da shi ta buga katunanta na ƙarshe a watan Oktoba na 2015.

A Nijeriya tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da tallafin Bankin Duniya, ta samar wa jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB. Wurare da dama ba ta ɗore ba, saboda tsadar kula da ita, da ƙarancin ma'aikatan da suka iya ta, ga kuma matsalar wutar lantarki. Bayan shekarar 2000 gidauniyoyin MacArthur da Carnegie na Amurka suka tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da Ahmadu Bello da Bayero, aka koma wata manhajar mai suna Virtua. Yanzu laburarori da yawa a ƙasar nan sun rungumi Koha, wadda aka ƙirƙira a ƙasar New Zealand a 1999, ake kuma bayar da ita kyauta. Ma'anar sunan ma a harshen mutanen Maori ita ce kyauta.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: sayen kwamfuta ba shi ne aikin ba. Sai an samu mutanen da za su zauna su shigar da bayanin kowane littafi daidai, a kuma ci gaba da kulawa.

Yadda za ku yi bincike

Katalogin kwamfuta, wanda ma'aikatan laburare ke kira OPAC, yana da gurbin rubutu kamar na Google. Bambancinsu shi ne, abin da zai nuna maka bayanin littafin ne da mazauninsa, ba shafukan cikinsa ba. Ka rubuta Abubakar Imam, zai jero maka littattafansa da laburaren ke da su, irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya faɗi kwafi nawa ne, da ko an are su.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar da ke gefen bayanin. Ita ce adireshin littafi, kuma ita ce aka manna a gadon bayansa. Yawancin laburarorin jama'a da na makarantu suna bin tsarin Dewey, wanda aka fara bugawa a 1876: 500 kimiyya, 600 fasaha, 900 tarihi da labarin ƙasa. Jami'o'inmu kuma sun fi bin tsarin haruffa da lambobi: Q kimiyya, S aikin gona, littattafan harshen Hausa suna ƙarƙashin PL. Ka kwafi lambar gaba ɗayanta kafin ka tashi. Harafi ɗaya ka bari, sai ka tsinci kanka a wata kantar daban.

Akwai wani tarko da ya shafe mu Hausawa musamman, wato haruffa masu lanƙwasa. Littafin Muhammadu Bello Kagara, a wani katalogin an rubuta shi Ganɗoki, a wani Gandoki. Na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wani zai rubuta Shaihu Umar, wani Shehu Umar.  Don haka idan kwamfuta ta ce babu, kada ka yi saurin juyawa. Cire lanƙwasar ka sake gwadawa, ko ka nema da sunan marubuci. In duk ya faskara, ka tambayi ma'aikaci, domin matambayi ba ya ɓata.

Me za mu yi tun daga yanzu?

Ƙannena, ba sai kun jira shiga jami'a ba. WorldCat a buɗe yake ga kowa a intanet. Ku ari wayar yaya ko ta malami, ku nemi littattafan adabin da kuke karantawa a aji, ku ga yadda ake tsara bayanansu. Wanda ya samu shiga birni, ya leƙa Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano ya ga yadda aka jera littattafai da lambobi. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka wannan atisaye riba biyu ne.

Sannan ku waiwayi laburaren makarantarku, ko da kabad ɗaya ne a ofishin shugaban makaranta. Ku nemi izinin malami, ku haɗu ku biyar ko shida, ku samo babban littafin rajista. Ku ja layuka: sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekarar bugu, fanni, yawan kwafi, da lamba. Ku manna lambar a bayan kowane littafi, ku buɗe shafin masu aro. Wannan shi ne ainihin abin da manyan jami'o'i suka yi shekaru suna shigarwa a kwamfuta. Duk ranar da makarantarku ta samu kwamfuta da wutar sola, kwafewa kawai za a yi.

Ku fara da kanta ɗaya a wannan zangon karatun. Kafin ku gama za ku san littattafai nawa makarantarku ta mallaka, waɗanne ne suka ɓata, waɗanne ne ya kamata a roƙi tsofaffin ɗalibai su sayo. Kuma ranar da kuka tsaya gaban katalogin jami'a, ba zai zame muku baƙo ba.