Kiɗan Ƙwarya a Lokacin Rani: Taimako ga Zuciyar da Ta Gaji

Da zarar an kai hatsi rumbu, sai garuruwan Adar su fara raguwa. Daga Bambay da ƙauyukan da ke kewaye da Tawa, samari da magidanta sukan kama hanyar cin rani, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Mata da tsofaffi da yara ake bari da gida: ɗibar ruwa, neman itace, kiwon bisashe, da jiran aiken da ba a san ranar isowarsa ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, rumbu kuwa kullum yana yin ƙasa.

A irin wannan lokaci ne wata cuta takan shigo a ɓoye. Mutum ya kasa barci, abinci ya fita ransa, ya riƙa fushi ko kuka ba dalili, ya daina shiga mutane. Likitoci suna kiranta ciwon damuwa. In ta kama mai ciki ko mai goyo, wahalar har jariri takan shafa, domin uwar da ba ta da kuzari ba ta iya kula da shi yadda ya kamata.

Ba baƙon abu ba ne

Rarrashin zuciya da kiɗa tsohon abu ne a ƙasarmu. Manomi ya san yadda gangar noma take sauƙaƙa gayya. Mata sun san yadda luguden taɓarya yake rage nauyin daka. Masu bori a Adar sun daɗe suna kaɗa goge da ƙwarya a kan marar lafiya. A arewa, matan Abzinawa sukan yi wa wadda ranta ya ƙuntata kiɗan tinde, su kewaye ta da waƙa da tafi. Tawa kuwa garin kiɗa ne: sunan makaɗinta Ɗan Gurmu aka ba gasar mawaƙan Nijar tun shekarun 1980.

Masana kiwon lafiya su ma sun bincika. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an ga amfanin kiɗa ga sojojin da ke jinya, har aka kafa ƙungiyar masu jinya da kiɗa a 1950. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa waƙa da kiɗa da rawa suna taimakon lafiyar jiki da ta zuciya. Misali mafi kusa da mu daga Gambiya yake. A can aka yi gwaji da mata masu ciki 124, aka bayyana sakamakonsa a 2020. Ƙungiyoyin mata mawaƙa da ake kira Kanyeleng suka riƙa tara wasu daga cikinsu awa ɗaya a mako, har mako shida. Alamun damuwa sun fi raguwa a wajen waɗanda suka halarta. Gwajin ƙarami ne, amma darasinsa babba ne: matan gari ne suka yi aikin, da waƙoƙinsu na gado.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai waƙa yana jan numfashi mai tsawo, jiki ya saki. Mai tafi da rawa yana motsa jini. Wadda ta saba zaman kaɗaici kuma ta sami dalilin fitowa, a ga halin da take ciki.

Kayan kiɗa daga cikin gida

Ba a bukatar ko dala.

Kiɗan ruwa: a zuba ruwa a masaki, a kifa ƙaramar ƙwarya a kansa, a riƙa buga ta da ludayi ko ƴan sanduna. In an rage iskar da ke ƙarƙashinta, muryar takan canza.

Shantu: dogon duma ne da aka huda bakinsa da gindinsa, aka fitar da cikin. Ana buga shi a cinya, ana rufe bakin da tafin hannu.

Caki: a zuba tsakuwa cikin ƙaramin gora, a toshe. Ya dace da tsofaffin da hannunsu ya raunana.

Sarewa: daga karan dawa ake yin ta, a fitar da totuwa, a huda ramuka.

Tinde: a rufe bakin turmi da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, a ɗaure tam. In an tashi, turmi ya koma aikinsa.

Kada a raina waɗannan kaya. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya shahara da shi, irinsa da gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya ake haɗawa. Mai son ƙwarya mai kyau kuwa sai ya shuka duma da damina a gindin darni, ya bar shi ya ƙosa ya bushe kafin ya fafe.

Yadda za a tsara zaman

A zaɓi rana ɗaya a mako, bayan la'asar, a inuwa, da ruwan sha a kusa. Mutum goma zuwa ashirin sun isa, awa ɗaya kuma ta wadatar. A fara da gaisuwa da waƙa mai sanyi, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi. Sannan kowa ya ɗauki abin kiɗa, a zafafa kaɗan. A rufe da waƙar rarrashin yaro, a zauna a yi hira. A guji habaici da zambo, domin an zo sanyaya rai ne. Wadda ba ta son waƙa, a bar ta ta saurara. Wadda aka rasa gani kuwa, a je gidanta a duba ta. Zumunci a ƙafa yake.

Iyakar kiɗa

Kiɗa ba ya maye gurbin gidan likita. Rani lokacin sanƙarau ne: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, a kai mutum nan take. Mai farfaɗiya, da mai maganganun da ba su kan hanya, da mai ambaton kashe kansa, duk ma'aikacin lafiya ya kamata ya gan su, kuma akwai magani. Mai tari kada ya haɗa sarewa da kowa. Ruwan masaki kuma a zuba wa dashe, kada a bar shi ya yi kwanaki sauro ya hayayyafa.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwarya tana nan, turmi yana nan, waƙa kuma kowace uwa ta gaje ta. Abin da ya rage shi ne mace ɗaya a unguwa ta sa rana, ta aika a kira maƙwabta.