Muhawarar Ɗaliban Oxford ta 1933: Yaushe Ne Yaƙi Yake Halatta Ga Ƙasa?

Gabatarwa

Hausawa kan ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma su ne dai suka ce yaƙi ɗan zamba ne. Duk da haka, da wuya a sami al'ummar da ba ta taɓa tambayar kanta ko akwai lokacin da zare takobi yake zama wajibi ba. Wannan maƙala za ta duba wata muhawara da ɗaliban Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila suka yi a kan wannan batu, sa'an nan ta auna hujjojin ɓangarorin biyu da sharuɗɗan da malamai suka shimfiɗa game da halaccin yaƙi.

Yadda Muhawarar Ta Gudana

Ƙungiyar muhawara ta ɗaliban Oxford, wadda aka kafa a shekarar 1823, ta zauna ranar 9 ga Fabrairu, 1933, don tattauna wani ƙuduri mai cewa zauren ba zai yi yaƙi domin sarki da ƙasa ba, ko da wane irin hali aka shiga. Wani ɗalibi mai suna Kenelm Digby ne ya gabatar da ƙudurin, aka kuma gayyato manyan baƙi biyu: C. E. M. Joad, masanin falsafa, ya goyi baya, Quintin Hogg, wani matashin lauya, ya yi suka. Da aka kaɗa ƙuri'a, mutum 275 suka amince, 153 suka ƙi.

Ba za a fahimci wannan sakamako ba sai an tuna cewa waɗannan samari sun tashi ne a cikin makokin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918. Ingila ta rasa mazaje fiye da 700,000 a yaƙin, kuma a rana ɗaya tak, wato 1 ga Yuli, 1916, aka kashe mata sojoji kusan 20,000 a fagen daga na Kogin Somme a Faransa. Da kiran sarki da ƙasa aka ɗebi iyayensu da yayyensu, da yawa ba su dawo ba. Saboda haka kalmomin nan biyu sun riga sun yi ɗaci a bakinsu.

Joad ya kafa hujjarsa a kan cewa makaman zamani, musamman jiragen sama masu jefa bama-bamai, sun mai da yaƙi abin da ɓarnarsa ta fi kowace riba da za a samu. A ganinsa, ko da abokan gaba sun mamaye ƙasa, gara a tare su da bijirewa ba tare da makami ba, irin yadda Gandhi yake yi wa Turawan mulki a Indiya. Shi kuwa Hogg cewa ya yi idan Ingila ta ajiye makamanta, ai yaƙin take gayyata, domin azzalumi rauni yake nema, kuma ƙasar da ba ta da ƙarfi ba ta da bakin hana wani zalunci a ko'ina.

Jaridu suka yi wa ɗaliban ca, aka aiko wa ƙungiyar farin gashin tsuntsu guda 275, wanda a al'adar Ingila alamar ragwanci ce. Winston Churchill ya yi tir da su, ɗansa Randolph kuma ya zo a watan Maris yana neman a goge ƙudurin daga littafin ƙungiyar. Ɗalibai 750 suka ƙi, 138 kawai suka bi shi, domin har waɗanda suka yi adawa da ƙudurin tun farko ba su yarda wani ya zo daga waje ya soke abin da zaure ya zartar ba.

Sharuɗɗan Halaccin Yaƙi

Tambayar da ɗaliban suka yi ta girme su da ƙarnoni. A cikin ƙarni na 13, malamin Kirista Thomas Aquinas, bisa koyarwar Augustine, ya kawo sharuɗɗa uku: hukuma halattacciya ce kaɗai za ta shelanta yaƙi, dole a sami dalili na adalci kamar tare mahara, kuma niyya ta kasance maido da zaman lafiya, ba neman ganima ko ramuwar gayya ba. Malaman da suka biyo baya sun ƙara da cewa sai an bi duk hanyoyin sulhu sun ƙare, sai akwai kyakkyawan zaton nasara, kuma kada ɓarnar yaƙin ta zarce cutar da ake son kawarwa.

Malaman Musulunci su ma sun daɗe da yin bincike a kan haka. Sun ɗora alhakin shelanta yaƙi a wuyan shugaba, sun kuma hana kashe mata da yara da tsofaffi da masu ibada a wuraren ibadarsu. A ƙasar nan ma an yi irin wannan muhawara da alƙalami, tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello, kamar yadda Bello ya kawo wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri. Al-Kanemi ya tsaya a kan cewa saɓon da ake tuhumar mutanen Barno da shi bai kai kafircin da zai halatta yaƙarsu ba, Bello kuwa ya dage cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Ke nan kowannensu ya yarda cewa yaƙi yana bukatar hujja, a kan ingancin hujjar ne suka saɓa.

Auna Hujjojin

Idan aka ɗora ƙudurin Oxford a kan wannan ma'auni, sai a ga ƙarfinsa da rauninsa. Ƙarfinsa shi ne cewa sunan sarki da ƙasa kaɗai ba dalili ne na adalci ba. Rauninsa kuwa yana cikin lafazin nan na "ko da wane irin hali", domin ya rufe ƙofa har ga kare kai. Kwana 10 kafin muhawarar, ranar 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya zama shugaban gwamnatin Jamus. Japan ta riga ta mamaye Mancuriya tun 1931, Musolini kuma ya auka wa Habasha a 1935, tsohuwar Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta kasa hana shi. Bijirewa ba makami takan yi tasiri ne a kan mai mulkin da yake jin kunyar duniya, Hitila kuwa ba ya jin ta.

Abin mamaki, Hogg ɗin da ya soki ƙudurin shi ne ya ci zaɓen cike gurbi na mazaɓar Oxford a 1938 yana goyon bayan yarjejeniyar Munich, wadda ta miƙa wa Hitila wani yanki na Cekoslobakiya don gudun yaƙi. Da Jamus ta kutsa Folan a watan Satumba na 1939, ɗimbin ɗaliban Oxford suka shiga soja, Joad kansa ya bar tsohon ra'ayinsa. Daga baya Churchill ya yi zargin cewa ƙudurin ya ƙarfafa wa masu kama-karya gwiwa, amma masana tarihi ba su sami ƙwaƙƙwarar shaidar cewa ya yi tasiri a kan shawarar Hitila ba.

Kammalawa

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya bi tsakani. Ya haramta amfani da ƙarfi tsakanin ƙasashe, ya bar ƙofa biyu kacal: kare kai bayan an kawo hari, kamar yadda sashe na 51 ya tanada, da yaƙin da Kwamitin Sulhu ya ba da izini. Da irin wannan izini aka fitar da Iraƙi daga Kuwait a 1991. A 2003 kuwa Amurka da Ingila suka mamaye Iraƙi ba tare da sabon izinin kwamitin ba, kuma ba a sami makaman ƙare-dangin da aka kafa hujja da su ba. A ɗaya gefen, duniya ta naɗe hannu a 1994 har aka hallaka mutane kimanin 800,000 a Ruwanda. Wato gaggawar shiga yaƙi tana cin rayuka, ƙin tsoma baki ma yana ci. Aikin ɗalibi, ashe, shi ne ya tambayi duk mai kiran yaƙi: wa ya ba da izini, mene ne dalili, an gwada sulhu, kuma jinin wa za a zubar? Shugaban da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi huɗu bai cancanci a ba shi 'ya'yan mutane ba.