Bazara A Bakin Shuɗin Nilu: Lokacin Da Kifi Ke Ganin Mai Fatsa

Duk ɗan kasuwar da ke saro kifi daga Mai Wurno, Sinja ko Rusairis ya kai Gadarif, Galabat ko Kurmuk, ya san cewa kifin damina daban, na bazara daban. Daga watan Maris zuwa Mayu, kogin Shuɗin Nilu yakan janye ya bar tsibiran yashi, lakar da yake kwasowa daga tsaunukan Habasha ta kwanta, ruwa ya yi garau har mutum ya hango ƙasa. A wannan lokaci ne maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" ke tabbata, domin kifin da ke afka wa kalli a makance cikin ruwan damina, yanzu idonsa biyu. Sai gwani ke cin abinci.

Zaman Hausawa a wannan gaɓa ba na jiya ba ne. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin da ke amsa sunansa a kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai alhazai da masu neman abinci daga ƙasar Hausa da Barno suka yi ta ƙaruwa. Wasu suka riƙe fartanya, wasu kuma suka koma ga sana'ar da suka gada, wato su. Shi ya sa har yau a bakin Nilu za ka ji sunan birgi, kalli, taru da mamari, kamar kana gaɓar gulbin Kabi.

Ƙwaro a kan ruwa

Cikin dukkan kayan su, babu wanda ake rainawa kamar fatsa, har wasu na ɗaukarta wasan yara. Amma da bazara ita ce ke nuna wanda ya san ruwa. Dalili kuwa shi ne kowane kifi da inda yake kiwo. Tarwaɗa, wadda Larabawa ke kira garmut, da kurungu da ragon ruwa, a ƙasa suke nema, saboda haka tana ko ɗan yankin kifi ake sa musu a nutsar. Kawara kuwa, wadda sunanta ɗaya ne a Hausa da Larabcin Sudan, sama take kallo. Da sanyin safiya ko dab da magariba za ka ga ruwa yana ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi, alhali kawara ce ke tsintar ƙwarin da suka faɗa.

Mai fatsa da ya san aikinsa ba ya gaggawa. Zai fara duba abin da ke faɗawa ruwa a ranar, fara ce ko tsanya, ko kuwa shinge idan ruwan farko ya sauka. Sai ya soka irinsa a ƙaramar ƙugiya ba tare da dalma ba, ya jefa sama da inda kifin yake, ya bar ruwa ya kawo shi da kansa. Idan zare ya ja ƙwaron ya saɓa wa tafiyar ruwa, ko inuwar mutum ta faɗa, shi ke nan, garken ya watse. Inda kawara ta taru kuwa, tsage na kusa, wanda a kasuwa ake ce masa kas. Shi haƙoransa kamar zarto suke, dole a ɗaura ɗan siririn waya kusa da ƙugiya, in ba haka ba ya datse zaren ya wuce.

Abin da Turawa suka mayar wasa

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa wannan dabara ta masu fatsa, a Amurka da Ingila attajirai ne ke kashe kuɗi a kanta. A gabashin Amurka da Kanada akwai wani kifi mai jajayen ɗigo a jiki, dangin tirawut, wanda ba ya zama sai a ruwa mai sanyi da tsabta. Da zarar ƙanƙara ta narke ƙwari suka fara ƙyanƙyashewa, sai ka ga masu fatsa tsaye cikin ruwa iya gwiwa. Su ba sa soka ƙwaro mai rai. Gashin wuyan zakara da zare suke naɗawa a jikin ƙugiya, ta fito kamar ƙwaro, ta riƙa yawo a saman ruwa ba ta nutsewa. Kowa da wadda ya fi amince wa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna ita ce Adams, wadda wani mai suna Leonard Halladay ya fara ɗaurawa a jihar Mishigan cikin 1922, da gashin zakara ja da na wake-wake.

Abin lura a nan shi ne, da yawansu idan sun kama kifin sai su cire ƙugiya su mayar da shi, kuma hukumomin jihohi sun ƙayyade lokacin kamu da adadin da mutum zai tafi da shi gida. Ba wanda zai ce masuncin Mai Wurno mai iyali goma ya saki abin da ya kama. Amma hikimar barin ƙarami ya girma, kakanninmu sun san ta tun zamanin da Sarkin Ruwa ke rufe gulbi ya buɗe.

Kogin ya sauya

Wannan hikima yanzu ake buƙatarta, domin kogin da dattawa suka sani ba shi ne na yau ba. An gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, abin da ya faɗaɗa tafkin ya kuma tashi ƙauyuka da dama. Sai kuma babbar madatsar Habasha da ke dab da iyaka, wadda aka fara ginawa a 2011, aka fara tara mata ruwa a 2020, aka ƙaddamar da ita a watan Satumba na 2025. Tana riƙe laka, tana rage ƙarfin ambaliyar damina, tana kuma sako ruwa da rani. Ke nan ruwa zai fi daɗewa a tace, amma ba lalle ya janye da bazara kamar yadda aka saba ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen haihuwar kifi. Tarwaɗa da wasu kifaye da dama ambaliya suke bi su shiga fadamu da dazukan bagaruwa da ke gaɓar kogin tsakanin Sinnar da Rusairis, su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙwari kafin ruwa ya koma. Idan ruwa bai hau can ba, gidan haihuwa ya ragu.

Ga kuma halin da jama'a suka shiga. Rikicin ƙabilanci na jihar Shuɗin Nilu a 2022 ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ci Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ya ci Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Wanda ya rasa gona da jari, kogi ne mafi kusa da shi, kuma mai jin yunwa ba ya auna idon kalli.

Kira ga 'yan kasuwa

A nan ne abin ya shafi masu saye. Kawara da tsage su ne ake yi wa gishiri su zama fasik da tarkin, tarwaɗa kuma a shanya ta zama kajaik, kayan da ke jure doguwar tafiya zuwa kasuwannin iyaka. Masunci abin da dillali ke karɓa shi yake kamowa. Matuƙar ana sayen kifin da bai wuce ɗan yatsa ba a buhu, kalli mai ƙananan ido ba zai bar ruwa ba, kuma buhun bana shi ne ke cinye na baɗi.

Ya kamata shugabannin 'yan kifi a kasuwanni su zauna da dattawan masunta su tsayar da girman da ba za a saya ƙasa da shi ba, a kuma fifita farashin babban kifi mai tsabta, irin wanda mai fatsa ke kawowa da ɗai-ɗai. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya, ya sa albarka a ruwa da kasuwa.