Keke da hanyoyin fadama a Dandin Mahe

A Turai da Amurka, hawan keke a hanyar burji wasan motsa jiki ne, amma a Dandin Mahe da ke ƙaramar hukumar Shagari a jihar Sakkwato, da keke wasu manoma ke kai amfanin gona kasuwa.

Yanayin ƙasa ne ke nuna inda keke zai bi. Burji na da tauri, don haka taya kan yi gudu a kansa, rairayi kuwa sai an sauka an tura.

A watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa, lakar fadama kan cushe tsakanin taya da birki har keke ya tsaya cik.

Dole a zagaya ta tudu, kuma wanda ya makara yakan tarar kasuwa ta watse.