BAYAN WUƘAR LIKITA: YADDA FUSKAR DA AKA GYARA KE WARKEWA

A manyan biranen duniya akwai masu biyan kuɗi mai yawa domin likita ya rage musu hanci, ko ya ja fatar fuska, ko ya tsotse kitsen ciki. A ƙasar Nijar kuwa akwai yara masu bukatar irin wannan fiɗa ba don ado ba, sai don su iya buɗe baki su ci tuwo, su kuma shiga cikin tsara ba tare da rufe fuska da zane ba. Amma da mai neman kyau da mai neman lafiya, doka ɗaya ce jiki ke bi da su. Aikin wuƙa na ƴan awoyi ne, warkewa kuwa takan ɗauki shekara, kuma yawancinta a gida ake yin ta.

CUTAR DA KE CIN FUSKA

Yawancin waɗannan yara cutar zaizayar baki ce ta same su, wadda likitoci ke kira noma. Sunan bai shafi noman gona ba, daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa kuwa abin da ke cinyewa. Tana kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ko masassarar cizon sauro ta raunana. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin ƴan kwanaki sai ta huda kunci, ta ci leɓe ko hanci, har ta kai ga ƙashi. Idan an kai yaro gidan likita tun da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A shekarar 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa mutum 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma 9 cikin 10 suna mutuwa in ba a yi musu magani ba. A watan Disamba na 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis, wadda Edmond Kaiser ya kafa a 1980, ta fara aikin yaƙi da wannan cuta a Damagaram a 1992, ta kuma aika yara masu babban rauni zuwa asibitin Jeneba. A Sakkwato an buɗe asibitin yara masu noma a 1999.

Dabarar gyaran ta daɗe. Lokacin yaƙin duniya na farko, likita Harold Gillies ya buɗe asibiti a garin Sidcup na Ingila a 1917, inda aka gyara fuskokin dubban sojojin da harsashi ya ɓata. Yakan ɗebo fata daga goshi ko ƙirji, ya bar gefe ɗaya haɗe da jiki domin jini ya ci gaba da ciyar da ita, ya ɗinke ɗaya gefen a kan ramin. Har yau ana amfani da wannan hanya. Sai bayan kamar mako 3, in fatar ta kama sabon wurinta, ake yanke haɗin. Ba a kuma gaggawar yi wa yaro fiɗa: sai mikin cutar ya warke sarai, ya yi watanni, yaron ya murmure.

MATAKAN WARKEWA

Masana sun raba warkewar miki gida uku. A kwanakin farko wurin yakan kumbura, ya yi zafi da ciwo. Wannan ba alamar ɓaci ba ce, jiki ne ke share miki. A lokacin ne ma'aikatan jinya ke duba launin fatar da aka dasa dare da rana, domin in ta yi sanyi ko ta soma baƙi, to jini ba ya isa gare ta, sai a koma ɗakin fiɗa nan take. Sau da yawa ana ciyar da majinyaci ta ƙaramar roba da aka zura ta hanci har ciki, don kada tauna ta ja ɗinki. Zaren fuska akan cire shi cikin kwana 5 zuwa 7.

Mataki na biyu yana kai wa mako 3, lokacin da sabon nama ke cike rami. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ido yana ganin miki ya rufe, alhali ƙarfinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba. Faɗuwa wajen wasa ko ɗaukar tulu kan iya buɗe shi.

Mataki na uku shi ne mafi tsawo, shekara guda ko fiye. Tabo yana laushi sannu a hankali, yana kwantawa, amma ko ya gama ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Saboda haka kada uwa ta yanke ƙauna don abin da ta gani a makon farko. Fuskar gaskiya ba ta bayyana sai kumburi ya sace. Ya kamata kuma a faɗa wa iyaye tun kafin fiɗa cewa gyara ake yi, fuska ba za ta koma yadda take da fari ba, kuma wani yaron sai an yi masa aiki sau biyu ko uku.

AIKIN DA YA RAGE GA GIDA

Babbar matsala ita ce maƙalewar muƙamuƙi. Tabon noma yana ɗaure baki har yaro ya kasa sa yatsa tsakanin haƙora. Likita yana sakin wannan ɗauri, amma tabo kullum neman tsukewa yake. Shi ya sa ake koya wa uwa motsa bakin yaro sau da yawa kowace rana, ana jera ƴan filayen itace irin na danna harshe tsakanin haƙora, ana ƙara adadinsu da kaɗan kaɗan. Aikin yana da ciwo, yaro yakan yi kuka, uwa takan ji tausayi. Amma in aka bari, baki na iya sake rufewa, wahalar tafiya da ta fiɗa ta tashi banza. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Abinci ma magani ne. Nama ba ya tofowa da kunun gero kaɗai. Ana bukatar madara, wake, ƙwai, gyaɗa, zogale da lemu. A wanke baki bayan kowane ci da ruwan da aka tafasa ya huce. A kare tabo daga rana, don rana tana sa shi duhu. Kada a shafa toka, ko ƙasa, ko saiwa a kan ɗinki. Masassara, ruwan miki mai wari, jini, ko kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, duk suna nufin a koma gidan likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa.

Waɗannan sharuɗɗa sun shafi manya masu zuwa ƙasashen waje neman gyaran jiki. Taba tana tsuke jijiyoyin jini, ta hana miki abincinsa. Man sauya launin fata mai ɗauke da kortizon yana sa fata sirancewa, ya jinkirta warkewa. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda ake kira keloyid, don haka wanda ya taɓa yin irinsa ya gaya wa likita tun da fari. Doguwar tafiya cikin jirgin sama jim kaɗan bayan babbar fiɗa tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, abin da kan kai ga mutuwa.

KOMAWA CIKIN JAMA'A

Yaron da ya yi shekaru a ɓoye bayan ɗaki yana bukatar fiye da sabon leɓe. Noma ba aikin iskoki ba ce, ba kuma a ɗaukar ta wajen cin abinci ƙwarya ɗaya. Wajibi ne masu gari da limamai su bayyana wa jama'a haka, malaman lakwal su karɓi yaron su hana ƴan aji tsokanarsa. Ma'aikatan gidajen likita na karkara kuwa su rubuta sunansa da ranar komawarsa, su riƙa auna buɗewar bakinsa, in kuma uwa ba ta zo ba a aika a nemo ta.