Surutun da Aka Tsara: Yadda Ajin Hirar Sifaniyanci Ke Aiki

A jami'o'in Amurka babu harshen waje da ɗalibai ke ɗauka kamar Sifaniyanci. Galibi shekara biyun farko na nahawu ne da tara kalmomi. A shekara ta uku sai ɗalibi ya tarar da wani kwas da ake kira conversación, ajin hira, inda ba a cika koyar da sabon abu ba. Wanda ya leƙa ta taga zai ɗauka malama ta sakar wa ɗalibai ragama ne: sun zauna biyu-biyu ko uku-uku, kowa bakinsa na motsi, ita kuma tana zagayawa da 'yar takarda a hannu. Surutun nan shiryayye ne, kuma kowane ɓangarensa da dalilinsa.

Ma'aunin harsuna da Majalisar Turai ta fitar a 2001 ya kasa ƙwarewa gida shida, daga A1 zuwa C2. Ɗan wannan aji yana B1 ne, yana neman B2. Mai B1 zai sayi tikiti, ya nemi masauki, ya faɗi inda ya yi hutu. Mai B2 kuwa ana so ya yi hira da ɗan ƙasa ba tare da ɗayansu ya jigata ba, ya kare ra'ayinsa, ya kawo amfanin abu da illarsa. Ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, ACTFL, ta ja layin ta wata fuska: mai matsakaicin mataki jimla-jimla yake magana, wanda ya haye kuma yana iya jero zance mai tsawo, ya ba da labarin jiya, na yau da na gobe ba tare da zaren ya tsinke ba.

Abin da ke tare ɗalibi a wannan gaɓa ba jahilci ba ne. Ba shi takarda da biro, zai cike guraben aikatau daidai. Lokaci ne ke cin sa. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 kan harsuna goma ya nuna cewa matsakaicin tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hira kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne. Alhali kuwa fito da kalma guda daga ƙwaƙwalwa zuwa baki kan ci fiye da rabin daƙiƙa. Ke nan mutum yana shirya amsarsa ne tun abokin maganarsa bai rufe baki ba. Ɗan ƙasa yana yin haka bai ma sani ba. Ɗalibi kuwa duk hankalinsa ya tafi ga fahimtar abin da ake faɗa, to da wane zai shirya amsa? Ga Sifaniyanci da gudu: masu bincike a Lyon ta Faransa sun auna shi a 2011, suka samu kusan gaɓa takwas a daƙiƙa, Ingilishi kuma kimanin shida.

An daɗe ana muhawara kan magani. Stephen Krashen ya yi suna a shekarun 1980 da ra'ayin cewa idan mutum ya ji kuma ya karanta abin da yake fahimta da yawa, baki zai buɗe da kansa. Merrill Swain ta duba yaran Kanada masu jin Ingilishi da aka koyar da su darussa cikin Faransanci shekara da shekaru, ta ga kunnensu ya kusa kamo na 'yan ƙasa amma nahawun bakinsu na baya. A 1985 ta kawo bayani mai gamsarwa: mai sauraro na iya tsallake nahawu ya cafko ma'ana daga manyan kalmomi, mai magana kuwa dole ya zaɓi ƙarshen aikatau, kuma a nan ne yake gano abin da bai iya ba. A kan wannan tunani ajin hira ya ginu.

Sai lissafi. A ɗauka aji na minti hamsin ne, ɗalibai ashirin. Idan malama ta cinye rabin lokacin, sauran aka raba, kowa zai tashi da minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Idan aka zaunar da su biyu-biyu, baki goma ne ke aiki lokaci guda. Amma a ce wa mutum biyu "ku yi hira kan muhalli" ɓata lokaci ne. Jimla uku za su yi su koma kallon waya. Malamar da ta san aiki tana ba kowa rabin bayani: wannan yana da jerin gidajen haya a Sevilla, waccan tana da kuɗin da ke aljihu da sharuɗɗan iyali, kuma dole su tsai da gida ɗaya kafin lokaci ya cika. A nan za a ji "¿cómo?" da "¿qué quieres decir?", wanda bai gane ba ya tambaya, wanda ba a gane shi ba ya sake salo.

Akwai kuma wata dabara da Paul Nation na New Zealand ya yaɗa, ana kiranta 4/3/2. Ɗalibi zai ba da labari ɗaya ga mutum na farko cikin minti huɗu, ga na biyu cikin uku, ga na uku cikin biyu. A karon farko yana lalube. A na uku kalmomin sun riga sun zo kusa, sai gudu ya ƙaru, in-ina ta ragu.

Wurare biyu ne nahawu ke yawan kayar da mutane a wannan mataki, kuma abin sha'awa, Bahaushe ba baƙo ba ne a duka biyun. Na farko ba da labari. Sifaniyanci na raba abin da ya faru ya ƙare da abin da ke gudana a lokacin: "comía cuando llegó", ina cin abinci sai ya iso. Bambancin "ina ci" da "na ci" ke nan. Na biyu shi ne subjuntivo, siffar da aikatau ke ɗauka bayan buri, shakka ko umarni. Ana cewa "creo que viene" idan ana zaton yana zuwa, amma "no creo que venga" idan ba a zato. Mai jin Ingilishi kan sha wuya a nan domin harshensa ya kusa yar da wannan siffa, mu kuwa kullum muna cewa "ina so ya zo". Dacewar ba ɗari bisa ɗari ba ce, amma tunanin ɗaya ne. Malama ba ta sake zana jadawalin a allo. Tana kawo aikin da ba ya yiwuwa sai da siffar: muhawara kan ko a hana wasan faɗa da bijimi, wanda majalisar Kataloniya ta kaɗa ƙuri'ar haramtawa a 2010, ko ba sabon ɗalibi shawara. Da wuya a daɗe ana musu ko ba da shawara a Sifaniyanci ba tare da subjuntivo ba.

Ana kuma koyar da abin da littafin nahawu ke rainawa, wato 'yan kalmomin riƙe zance irin su pues, bueno, o sea, es que, a ver. Da su ɗan Madrid ke sayen rabin daƙiƙar da yake bukata. Ɗalibin da bai da su zai yi shiru, ko ya saki "um" ta Ingilishi, daga nan kuma harshen gida ya kwararo. Haka ma kewaye: kalmar mabuɗin gwangwani ta ɓace, sai a ce "es una cosa que sirve para abrir latas", zance ya ci gaba.

Gyaran kuskure shi ne wurin da malamai suka fi saɓani. Roy Lyster da Leila Ranta sun nuna a 1997 cewa fiye da rabin gyaran da malamai ke yi maimaita jimlar ɗalibi ne a gyare, kuma wannan salon ne ɗalibai suka fi bari ya wuce su. Sukan ɗauka malama na gaskata maganarsu ne. Ɗaga gira ko tambayar "¿ayer voy?" ta fi sa mutum ya gyara da kansa. A ganina, katse mai magana a tsakiyar labari ya fi kuskuren illa, musamman ga mai kunya. Amfanin takardar hannun malama ke nan: ta tara jimloli biyar ko shida, a minti goman ƙarshe ta rubuta su a allo ba suna, aji ya gyara tare.

Wane Sifaniyanci ma ake koyo? Ƙasashe ashirin ne ke amfani da shi a hukumance. A Sifaniya ana ce wa abokai vosotros, a Latin Amurka ustedes. A Ajantina vos ya maye gurbin tú. A Kuba da Puerto Rico harafin s na ƙarshen gaɓa kan narke. Motar bas camión ce a Mekziko, guagua a Havana, colectivo a Buenos Aires. Ba a neman ɗalibi ya iya duka da baki, kunne ne ake horarwa da fina-finai da shirye-shiryen rediyo. A Amurka kuma ajin kan haɗa da 'ya'yan baƙi da suka tashi da harshen a gida. Sun fi kowa sakin baki, amma wasunsu na fama da rubutu da salon magana na boko, don haka jami'o'i da dama suka ware musu nasu kwas.

Awa uku na aji a mako ba sa isa, kowa ya sani. Shi ya sa makarantar bazara ta Middlebury a jihar Vermont, wadda sashenta na Sifaniyanci ya fara a 1917, ke sa ɗalibi ya sa hannu kan alkawarin ba zai yi wani harshe ba har ƙarshen zango, ko a ɗakin cin abinci.

Jarrabawar baka ta ACTFL hira ce ta kamar minti ashirin zuwa talatin. Mai jarrabawa zai fara da abu mai sauƙi ya gano inda ƙafar ɗalibi ta kafu, sannan ya yi ta ɗaga tambaya har ya ga inda zance ke wargajewa. Ga mai neman hayewa mataki na gaba akan ba da ɗan wasan kwaikwayo mai tangarɗa: ka ari motar abokinka, ka buge ta, yanzu ka kira shi ka yi bayani. Dole ɗalibi ya faɗi abin da yake yi lokacin da abin ya faru, ya nemi afuwa, ya kawo mafita, abokin kuma yana katse shi da tambayoyi.