Macijin Dutsen Mangshan: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Ƙarawa

A kan iyakar lardunan Hunan da Guangdong na kudancin ƙasar Sin akwai wani maciji mai dafi, ɗan dangin kasa da kububuwa, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a dazuzzukan dutsen Mangshan da kewayensa. Masana ba su san da shi ba sai a 1989, kuma a 1990 ne Zhao Ermi da likita Chen Yuanhui suka bayyana shi a rubuce. Sunansa na kimiyya a yau shi ne Protobothrops mangshanensis. Da yake ƙalilan ne suka taɓa ganinsa ido da ido, labarinsa ya fi shi yawo, gaskiya ta cakuɗe da ƙari.

Maganar da ta fi bazuwa ita ce wai yana tsartar dafi kamar kumurci. An sha maimaita ta a jaridu, amma bincike bai tabbatar da ita ba, kuma ƙirar haƙoransa ba ta goyi bayanta ba. Macizai masu tsartuwa suna da ɗan rami a gaban haƙori wanda ke harba dafin gaba, zuwa idon abokin gaba, alhali dogayen haƙoran wannan macijin, waɗanda ke naɗewa cikin baki idan ya rufe shi, an yi su ne don zuba dafi cikin nama. Ɗigon dafi na iya fantsama idan ya kai sara cikin fushi, sai dai fantsama daban, saiti daban.

Haka nan ba gaskiya ba ne cewa duk wanda ya sara ya gama yawo. Dafinsa na hana jini daskarewa, yana kumbura gaɓa yana lalata nama, don haka saran na bukatar asibiti cikin gaggawa. Amma shi kansa Chen ya sha sara ya rayu, ko da yake ya rasa yatsa ɗaya. Farin bakin wutsiyarsa kuwa, wanda ke firgita masu shiga daji, ba makami ba ne, tarko ne: macijin kan kwanta shiru cikin gansakuka, launinsa na kore da ruwan ƙasa ya saje da ita, yana karkaɗa wutsiyar kamar tsutsa har tsuntsu ko kwaɗo ya matso.

Abin mamaki, zantukan da suka fi kama da ƙari su ne na gaskiya. Tsawonsa kan kai mita 2, kuma ƙwai yake sakawa, saɓanin kasa da ke haihuwa. Ƙarancinsa ma ba kururuwa ba ce, domin ƙiyasin masu bincike ya nuna waɗanda suka rage a daji ba su wuce kimanin 500 ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, a 2013 kuma aka shigar da shi yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Babban abin da ke cinye shi shi ne fasa-ƙwauri, domin masu kiwon macizai don ƙawa na biyan kuɗi mai tsoka, kuma kowace tatsuniya da aka rataya masa ƙara masa farashi take yi a hannun dillalai. A 2021 gwamnatin Sin ta ɗora shi a sahun farko na dabbobin da doka ta hana kamawa ko sayarwa.